Ba kowane mazurari ke shiga kowace jita ba

Da yawa na ɗauka idan mazurarin alminiyam da ke cikin wani nau'in jita (resonator) don ƙara mata amo ya lotsa, kowanne aka samu sai a saka. Ba haka ba ne. Jitar da jakin tsirkiyarta ke zaune kan ɗan katako mai kama da biskit, mazurarinta inci 9.5 ne, a kife yake, tsininsa na sama. Jita samfurin kamfanin Dobro, wadda jakinta ke zaune kan ƙarfe mai ƙafafu takwas kamar gizo-gizo kuwa, nata inci 10.5 ne, buɗe kamar kwano. Akwai mai ƙanana uku, inci 6 kowanne.

Ka auna ramin da mazurarin ke zama a jikin jitar kafin ka saya. Kuma don Allah kada ka ɗaure sukurun tsakiyar mazurarin tamau, siririn ƙarfen nan ba ya jure matsi, nan take amon zai shaƙe.