Ba kowace ƙara a bayan mota ce shokozoba ba

Da zarar mota ta fara ƙwanƙwasa ta baya, sai ka ji an ce shokozoba, wato abin da ke rage wa mota girgiza, ta mutu. Ba laifi, ita ma tana ƙara idan ta gaji. Amma babbar alamarta yoyon mai ne, da motar ta yi ta rangaji bayan ta tsallake rami.

Sau da yawa bushi ne, wato robar da ake sawa a mahaɗin ƙarafa, ya tsage, zafin Sakkwato kuwa ba ya barin roba ta daɗe. Ko noti ya kwance, ko ƙusar da ke riƙe shokozobar ta karye. A ɗaga motar da jek, bakanike ya girgiza ƙafar, wurin zai nuna kansa. In ƙusa ce, a duba lambar da ke kanta, ita ke nuna ƙarfinta. Mai 10.9 ba a maye ta da 4.8, ko girmansu ɗaya, don sake tsinkewa za ta yi.