Ƙannena, Ku Sauke Wayar Nan a Wurin Haɗari

Shekaranjiya da yamma ina hanyar komawa gida na tarar da haɗari. Mota ta buge wani mai babur, yana kwance a gefen titi, jini na zuba daga kansa. Waɗanda suka kewaye shi sun fi ashirin, yawancinsu sa'annin ƙannena. Wallahi kafin idona ya kai kan mutumin, wayoyi na fara gani a sama. Kowa ya ɗaga tasa, wani har yana ture na gabansa don kada a tare masa. Wani yaro ma juya kyamarar ya yi kan fuskarsa yana ba 'yan kallonsa labari kai tsaye. Wani dattijo da wata mata ne suka durƙusa suka ɗaure raunin da ƙyalle, suka tsayar da mota aka kai shi asibiti. Har yau raina bai huce ba.

Kada ku ɗauka gaba nake yi da kafafen sada zumunta. Na ga an nemi jini ga mai naƙuda a WhatsApp an samu kafin awa guda, na kuma san waɗanda suka koyi gyaran waya a YouTube suke ci da kansu. Ɗaukar bidiyon ma yana da ranarsa. A 2020 a Amurka, wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata mai suna George Floyd har ya mutu, kuma bidiyon na cikin hujjojin da suka sa kotu ta samu ɗan sandan da laifi a 2021. Amma ita ba ta da ikon ture ɗan sanda. Kai da ke tsaye kan mai zubar da jini, wa ya riƙe maka hannu? Wayar da kake ɗauka da ita, da ita ake kiran motar asibiti.

Kuma ka taɓa tunanin inda bidiyon ke zuwa? Mutumin nan yana da uwa, wataƙila yana da mata da 'ya'ya. Kafin a kai shi asibiti hotonsa ya riga shi isa gida. Uwa tana duba wayarta ta ci karo da ɗanta cikin jini, tufafinsa a yage, a ƙasa an jera hotunan fuska mai hawaye. Magana zarar bunu ce, balle bidiyo, wanda ko ka goge naka yana nan a wayoyi ɗari.

Masu turawa kuwa, ku na fi jin haushi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ka rubuta "Innalillahi" a sama ka tura wa zaure biyar, kana ganin ka nuna tausayi. Ina tausayin yake? Ranar 15 ga Maris 2019 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, yana yaɗa ta'asarsa kai tsaye a Facebook. Kamfanin ya ce a cikin awa 24 na farko ya cire ko ya tare kwafi miliyan 1.5 na bidiyon. Makashin mutum ɗaya ne. Su wa suka yi sauran aikin? Irinmu ne, masu saurin yatsa. Manhajojin nan an tsara su ne su ƙara tura duk abin da mutane suka tsaya kallo, don haka ko kallon da ka yi har ƙarshe gudunmawa ce ka bayar.

Cutar kuma ba a bakin titi kaɗai ta tsaya ba. Ga masu ba mabuƙaci sadaka sai sun haska fuskarsa. Ga samarin da in sun ɓata da budurwa sai su watsa sirrinta, ga masu ɗaukar mai taɓin hankali don a yi dariya. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su: halin ƙuncin wani ya zama hajar neman mabiya. A Jamus sai da aka gyara doka, tun daga 2021 wanda ya ɗauki hoton gawa a wurin haɗari zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu. Ashe har mun kai lokacin da sai an yi wa mutum barazana da kurkuku kafin ya ji kunyar mamaci.

Ƙannena, ku ji tsoron Allah, ku gyara. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, domin kai ma titin nan kake bi kullum. Iyaye da malamai su ma su sa baki.

Mu da muka taso, in aka yi haɗari abin da ake fara nema shi ne mayafin da za a rufe mutum. Sannan a zaɓi wani mai natsuwa ya je gidan, ya zauna, ya faɗa wa iyalin a hankali. Yaro ma ba a barinsa ya leƙa. Shekaranjiya kuwa, bayan motar ta tafi da shi, ina jin wani saurayi yana ce wa abokinsa: "Nawa bai fito sosai ba, turo min naka."