Mun sa ankon Monika, bakinmu kuma na tsine wa 'ya'ya

Salama a gare ku 'yan'uwa. Abin da na gani ranar idin Waliyiya Monika ne ya hana ni yin shiru. An tashi daga Mas, iyayenmu mata sun fito cikin anko gwanin sha'awa ana buga tulu ana waƙa, sai ga wani saurayi a bakin get yana neman mamarsa ta ba shi kuɗi, da gani ka san ya sha wani abu. Uwar nan, da hoton Monika a jikin zaninta, ta dube shi a gaban jama'a ta ce je ka, in dai ni na haife ka ba za ka ga da kyau ba. Jikina ya yi sanyi.

Haba iyayenmu, wace Monika muke biki? Kowace 27 ga Agusta mukan dafa shinkafa mu yi rawa, washegari 28 ga wata a yi na ɗanta Agustin, amma mu nawa ne muka san irin wahalar da yaron nan ya ba uwarsa kafin ya zama abin da ya zama? 'Yar Afirka ce fa, a Tagaste take, garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya. Mijinta Patrisiyus ba Kirista ba ne, ga zafin rai ga neman mata, uwar miji kuma an zuga ta a kanta. Sai ɗan da ta sa wa rai ya tafi karatu Kartaj, ya ajiye mace ba aure, ya haifi ɗa tun bai kai shekara 20 ba, ya kuma bi koyarwar Manikiyawa, masu bin wani addini dabam, wajen shekara 9 yana raina bangaskiyar uwarsa.

Kar ku ɗauka ba ta taɓa fusata ba. Ta fusata, har ta hana shi zama gidanta da cin abinci tare da ita, sai wani mafarki da ta yi ya sa ta sake buɗe masa ƙofa. Ta je ta dami wani bishop da kuka kan ya yi wa yaron magana har mutumin ya gaji ya ce mata ta tafi, ɗan da aka zubar wa hawaye irin wannan ba zai hallaka ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne na shekarar 383, da ya yi mata ƙarya a bakin teku wai abokinsa yake rakawa, ya bar ta tana addu'a cikin dare ya shiga jirgin ruwa ya gudu Roma. Da gari ya waye ta ga wayam. Dan Allah da ke ce me zai fito daga bakinki a safiyar nan? Ita kuka ta yi, ta koma gida ta ci gaba da roƙo, daga baya ta tsallaka teku ta same shi a Milan, inda Bishop Ambros ya yi masa baftisma a daren Ista na 387. A shekarar ta rasu a Ostiya kusa da Roma, ko bishop ɗin da ya zama a Hippo ba ta gani da idonta ba.

Na san da ciwo, ba na raina hawayen kowa. Yaron da ya sace janareto ya sayar ya sayi tramol, yarinyar da ta dawo daga makaranta da ciki, wanda ya cinye kuɗin makaranta a caca ta waya, wanda ya daina zuwa coci yana ce miki Fada ɗan kasuwa ne. Duk suna da zafi. Amma mu da muka yarda bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa, don me za mu yi amfani da shi wajen rushewa? Da safe kin ja rosari kin ce Ubangiji ka shirya min shi, da yamma kin ce masa ɗan asara, Allah ya tsine, to wanne kike so a amsa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ku ma iyaye maza kar ku gyara zama kuna murna an taɓa mata. Wasunku kun fi kowa saurin cewa na cire ka daga cikin 'ya'yana, ku kori yaro zuwa tasha sannan ku ɗora wa uwar laifi wai ita ta lalata shi.

Ban ce kar a yi faɗa ba, a yi, a hana kuɗi in ya kama, a kai shi asibiti in shaye-shayen ya yi yawa. Tsinuwar ce dai a daina. Mama in kin taɓa yi wa ɗanki baki, ki je ki faɗa wa Fada a wurin furta zunubi, ki kira yaron ki janye da bakinki yana ji, ko da zai kashe wayar. Ki ba da sunansa a yi masa Mas. Dan Allah iyayenmu, dan Allah, ku janye.