Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

Yana damuna yadda masu ƙananan motoci suka yarda cewa in an cire tamostat inji zai daina zafi. Hujjarsu ita ce ruwa zai riƙa zagayawa babu shamaki, kuma a ido maganar kamar haka take.

Sai dai an ƙera inji ne ya yi aiki da ɗumi, wajen digiri 90. Tamostat yana rufe hanyar lagireto har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe. In babu shi, za ka yi tafiya mai nisa da safe allurar zafi na kwance ba ta ɗaga ba. Kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara fetur, baƙin mai kuma bai saki jiki ba, injin yana cinyewa a hankali.

In mota na zafi, a duba fanka, toshewar lagireto ko yoyon ruwa. Tamostat ɗin da ya maƙale kuwa, sauya shi ake yi da sabo.