Darasin ƙabila, launin fata da ƙaura a jami'a: abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi

A sassan nazarin zamantakewar al'umma na jami'o'i da yawa akwai kwas ɗin da ke tattara batutuwa huɗu wuri guda, wato launin fata, ƙabila, kishin ƙasa da kuma ƙaura. Wasu na yi masa kallon hadarin kaji, suna cewa ai kowa ya san ƙabilarsa tun yana goye, don haka babu abin da malami zai ƙara masa. Wasu kuma tsoronsa suke ji, a ganinsu tattauna irin waɗannan batutuwa a aji fama tsohon miki ne kawai. Ni a ganina wannan kwas yana cikin mafi amfani da matashi zai iya ɗauka, amma da sharaɗin a koyar da shi a matsayin muhawara mai hujjoji, domin idan aka mayar da shi hadda yana iya yin ɓarnar da ta fi rashin koyar da shi.

Abu na farko da darasin ke yi wa ɗalibi shi ne sauya masa tambaya. Yakan shigo aji yana tambayar waɗanne halaye ne ƙabila kaza take da su, sai ya tarar masana sun daɗe da komawa ga tambayar wane ne ya shata iyakar da ta raba wannan rukuni da wancan, a yaushe, kuma me ke riƙe da ita. Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya nuna cewa ginshiƙin ƙabila shi ne imanin mutane cewa tushensu ɗaya, ko da kuwa babu dangantakar jini da za a iya tabbatarwa. A 1969 Fredrik Barth na ƙasar Norway ya ƙara gaba, ya ce a dubi iyakar kanta, domin mutane na iya tsallaka ta alhali tana nan daram. Abokin aikinsa Gunnar Haaland ya kawo misali daga Darfur, inda manomi ɗan ƙabilar Fur da ya tara shanu yakan bi rayuwar makiyaya, a hankali har a riƙa lissafa shi cikin Larabawan Baggara. Jininsa bai canza ba, sana'arsa da abokan zamansa ne suka canza.

Haka lamarin yake a batun launin fata. Dokar jihar Virginia ta Amurka ta 1924 ta ɗauki duk wanda aka gano yana da kaka baƙar fata, komai nisansa, a matsayin wanda ba Bature ba, alhali a Brazil mutum mai irin wannan asali yana iya rubuta kansa fari a takardar ƙidaya babu mai ce masa uffan. A Afirka ta Kudu, bayan dokar rajistar jama'a ta 1950, har fensir aka riƙa soka wa mutum a gashi, idan ya zame ya faɗi a sa shi a wani rukuni, idan ya maƙale a sa shi a wani, kuma da wannan hukunci ake yanke unguwar da zai zauna da wanda zai aura. Binciken Richard Lewontin na 1972 ya gano cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam yana cikin kowace al'umma ne, ɗan abin da ya rage ne ke tsakanin al'ummomi.

To a nan ne gizo ke saƙa. Ɗalibai da yawa, da zarar sun ji waɗannan misalai, sai su tattara kwas ɗin gaba ɗaya cikin jimla ɗaya, wai ƙabila da launi ƙirƙira ce ta mutane, daga nan kuma su zarce zuwa cewa ashe babu su. Wannan fahimta ce mai haɗari, kuma malamin da ya bar ɗalibinsa a kanta bai sauke nauyin da ke kansa ba. A Ruwanda, Turawan Beljiyam ne suka sa aka riƙa rubuta Hutu ko Tutsi ko Twa a katin shaida tun farkon shekarun 1930, suka daskarar da rabe-raben da a da mutum kan iya fita daga ɗaya ya shiga wani. A 1994 wannan katin ne 'yan bindiga suka riƙa karɓa a shingayen hanya, a kisan kiyashin da ya ci rayukan kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100. Wanda aka tsayar a shinge bai da damar yi wa mai adda bayanin cewa kalmar da ke katinsa aikin 'yan mulkin mallaka ce. Iyakar da mutane suka shata, idan hukuma ta rubuta ta a doka, aka raba gonaki da guraben makaranta da ayyuka a kanta, takan yi ƙarfin da ba a rusa shi da fatar baki.

Saboda haka tambayar da ta fi cancantar lokacin aji ita ce me ya sa bambanci ɗaya yake kwana lafiya a wani wuri, ya zama fitina a wani. Nazarin da Daniel Posner ya wallafa a 2004 ya amsa wani ɓangare nata da kyau. Ƙabilun Chewa da Tumbuka suna zaune a ɓangarori biyu na iyakar Zambiya da Malawi, kuma bambancin harshe da al'adarsu iri ɗaya ne nan da can. Amma a Malawi abokan hamayya ne, a Zambiya kuwa suna ɗaukar juna 'yan'uwa. Dalilin da ya bayar shi ne lissafin ƙuri'a: a Malawi kowacce daga cikinsu babba ce idan aka kwatanta da yawan jama'ar ƙasar, don haka ɗan siyasa yana da riba idan ya raba su, a Zambiya kuwa dukansu ƙanana ne, sai an haɗa su a matsayin mutanen gabas kafin su yi nauyi. James Fearon da David Laitin ma sun nuna a 2003 cewa yawan ƙabilu shi kaɗai ba ya hasashen yaƙin basasa, talauci da raunin gwamnati sun fi shi tasiri. Matashin da ya karanta wannan zai yi wuya a ruɗe shi da zancen tsohuwar gaba da aka gada daga kakanni.

A batun kishin ƙasa, abin da na fi so a nuna wa ɗalibi shi ne cewa manyan masanan ba su yarda da juna ba. Ernest Gellner da Benedict Anderson, dukansu a 1983, sun ɗauki ƙasa mai al'umma ɗaya a matsayin abin da zamani ya haifa, Gellner ya jingina shi da masana'antu da makarantar gwamnati, Anderson kuma da injin ɗab'i da jaridun da suka sa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka riƙa jin kansu abu guda. Suna da hujja, domin lokacin da aka haɗe Italiya a 1861 'yan tsiraru ne ke magana da daidaitaccen Italiyanci. Sai dai Anthony Smith, wanda ɗalibin Gellner ne, ya ce ba a gina kishin ƙasa a kan iska, dole akwai tsofaffin labarai da alamomi da tunanin asali da ake ɗorawa a kai. Ya kamata kuma a shigo da Ibn Khaldun cikin wannan muhawara, tunda tun a 1377 ya yi bayanin yadda asabiyya, wato haɗin kan dangi ko rukuni, ke kafa daula da yadda jin daɗi ke sassauta ta, kuma manhajar da ta fara daga Turai ta ƙare a Amurka ta tauye ɗalibinta.

Ƙaura ce fagen da ra'in masana ya fi cin karo da abin da ake ji a kafafen yaɗa labarai. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, wato kashi 3.6 cikin 100 na mutanen duniya, adadin da bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsohon bayanin da ke cewa wahala ke koro mutum, daɗi kuma ya jawo shi, bai bayyana dalilin da ya sa mafi talaucin mutane ba su ne suka fi yin doguwar tafiya ba. Hein de Haas da wasu sun nuna cewa idan ƙasa matalauciya ta fara samun ci gaba ƙaura daga cikinta takan ƙaru da farko, saboda tafiya tana buƙatar kuɗi da ilimi da wanda zai tarbe ka a can. Jamus ta Yamma ta ga yadda wannan sarƙa ta na gaba ya tarbi na baya ke aiki: ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, ta dakatar da ɗaukar a 1973, amma da yawa suka zauna suka ɗauko iyalansu, kuma sai a shekarar 2000 dokar Jamus ta buɗe hanyar ba wa 'ya'yan baƙi da aka haifa a can shaidar zama 'yan ƙasa tun daga haihuwa.

Masu fargabar cewa irin wannan aji zai iya ɗaukar zafi suna da gaskiya, domin kowane ɗalibi yana shigowa da labarin da aka ba shi a gida game da wasu mutane. Maganin hakan yana hannun malami. Ya fara da misalan nesa, inda babu wanda ke da abin karewa, kafin a matso kusa, kuma ya hana a mayar da wani ɗalibi kakakin ƙabilarsa ko addininsa. A jarrabawa ma, maimakon a ce ɗalibi ya lissafo ra'o'i biyar da sunayen masu su, a miƙa masa takardar ƙidaya ta wata ƙasa ko dokarta ta zama ɗan ƙasa, a ce ya bayyana wanda ya tsara rukunan da ke ciki, wa suka amfana, wa suka bari a waje, sannan ya faɗi wane ra'i ne ya kasa bayyana abin da ya gani.