Idon da muke kwaikwaya, wa ya halicce shi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da kaina zan fara. A farkon shekarar 2020, ana gab da kulle gari saboda korona, ina zaune a shagon wani abokina a kasuwa a nan Kano, sai ga wani ɗan China ya biyo layin, da leda a hannu, yana sauri. Yara kamar biyar suka bi shi a baya. Sun sa yatsu sun ja gefen idanunsu, suna "cin con can", wani na ihu yana cewa "korona, korona". Mutumin bai waiga ba. Na dai ga wuyansa ya yi ja, ya ƙara matse ledar a ƙirjinsa, ya sha kwana. Manyan da ke wurin suka bushe da dariya. Ni ban yi dariya ba, amma ban tsawatar ba, kuma ga carbi a hannuna. Wannan shirun har yau idan na tuna shi sai na yi istigfari.

Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 11, kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, kuma kada mu jefi juna da miyagun sunaye. A Ali Imrana Ya ce Shi ne yake siffanta mu a cikin mahaifa yadda Ya so. To wanda ya ja gefen idonsa don ya kwaikwayi idon wani, aikin wa yake yi wa dariya? Mutumin nan bai je kasuwa ya zaɓi idonsa ba, kamar yadda ni da kai ba mu zaɓi baƙar fatarmu ba. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah Ya jera saɓanin harsunanmu da launukanmu tare da halittar sammai da ƙasa, Ya kira su ayoyinSa. Harshen da yaran nan suke mayarwa "cin con can" aya ce daga ayoyin Allah.

Abin da ya tayar mini da maganar yanzu shi ne watan Mayu. A Amurka sun ware shi don tunawa da tarihi da gudunmawar mutanensu 'yan asalin Asiya da tsibiran Fasifik, an kuma tabbatar da shi a doka a 1992. Ɗaya daga dalilan zaɓar watan shi ne ranar 10 ga Mayu 1869, ranar da aka haɗe layin dogon da ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Dubban leburori 'yan China ne suka fasa duwatsun ɓangaren yamma, cikin ƙanƙara, da nakiya, a kan ladan da bai kai na turawa ba. A shahararren hoton bikin kammalawa da ƙyar za ka nuna fuskar ɗayansu. Bayan shekara 13, a 1882, aka yi dokar hana leburorin China shiga ƙasar, ba a soke ta ba sai 1943. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. A 1942 kuma aka kwashi mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni, mafi yawansu a Amurkar aka haife su.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Vincent Chin. Saurayi ne ɗan shekara 27, ɗan asalin China, yana zaune a yankin Detroit, garin ƙera motoci. A lokacin motocin Japan sun cika kasuwa, kamfanonin Amurka suna sallamar ma'aikata, mutane suna cike da haushi. Ranar 19 ga Yuni 1982 ya fita da abokansa, saura 'yan kwanaki a ɗaura masa aure. Rigima ta haɗa shi da wasu turawa biyu, uba da agolansa, dukkansu sun ci abinci a masana'antar mota. Wata shaida ta ce ta ji uban yana cewa saboda irinku ne muka rasa aiki. Ku lura, Vincent ko ɗan Japan ba shi ne ba. A wurinsu duk mai wannan fuska ɗaya ne. Bayan an rabu suka shiga mota suna neman sa har suka same shi, ɗaya ya riƙe shi, ɗayan ya yi ta dukan kansa da kulkin wasan besbol. Ya yi kwana huɗu a asibiti ya cika. Mutanen da aka gayyata biki, jana'iza suka je.

Sai hukunci. Ɗaurin talala na shekara uku da tarar dala 3,000 kowannensu, ba wanda ya yi zaman kurkuku a kan hukuncin. Alƙalin ya ce waɗannan ba irin mutanen da ake kaiwa gidan yari ba ne. Mahaifiyarsa Lily, wadda shi kaɗai gare ta, ta yi ta yawo gari gari tana neman a bi mata haƙƙin ɗanta, da ta gaji ta tattara ta koma China a 1987. Duk uwar da ke karanta wannan ta san abin da ake nufi da a ce kayan auren ɗanki suna ɗaki, shi kuma yana kabari.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. Da korona ta zo, shugaban Amurka na lokacin ya riƙa kiran ta cutar China a bainar jama'a, alhali tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin a daina laƙaba wa cuta sunan ƙasa ko al'umma. Cikin shekara guda wata ƙungiya mai suna Stop AAPI Hate ta tattara rahoton cin zarafi kusan 3,800: zagi, tofa yawu, duka. A Janairun 2021 aka hankaɗe wani dattijo ɗan asalin Tailan mai shekara 84 yana tafiyarsa ta safe a San Faransisko, ya faɗi, bai tashi ba. Ranar 16 ga Maris 2021 wani ya bi gidajen tausa uku a yankin Atlanta da bindiga ya kashe mutum 8, shida daga cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Kalmar da na ji a bakin yaran kasuwarmu, "korona", ita ce ake jifan tsofaffi da ita a titunan can kafin hannu ya biyo baya.

Mu Musulmi kuwa muna da wani dalili na musamman na jin wannan a jikinmu. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani ya harbe Balbir Singh Sodhi a gaban gidan mansa a jihar Arizona. Ɗan asalin Indiya ne, mabiyin addinin Sikh, yana da gemu da rawani. Wanda ya kashe shi ya ɗauka Musulmi ne. Harsashin namu ne, a jikinsa ya sauka.

Yanzu mu dawo kan abin da ke hannunmu kullum. Idan malam ya ce "Bukhari ne ya ruwaito", ina Bukhara take? A Uzbekistan ta yau, tsakiyar Asiya. Tirmizi daga Tirmiz, ita ma can. Muslim daga Naisabur, Ibn Majah daga Ƙazwin, duka a Iran ta yau. Nasa'i daga Nasa, a Turkmenistan. Sibawaihi, wanda duk ɗalibin nahawu yake ambato, Bafarishe ne. Salmanul Farisi ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo ranar Ahzab. Takardar da aka rubuta waɗannan littattafai a kanta, a China aka fara yin ta, ta biyo ta Samarƙand ta iso Bagadaza. Lambobin da muke lissafin zakka da gado da su daga Indiya suka taso. Maganar nan da muka taso muna ji, a nemi ilimi ko a birnin Sin, malaman hadisi sun ce ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, kada mu jingina masa ita. Amma a birnin Sin ɗin akwai masallatai da suka daɗe ana kiran salla a cikinsu, irin na Guwanzu da na Shi'an, kuma akwai miliyoyin Musulmi masu irin idon nan da yaranmu suke kwaikwaya. Me za ka ce wa Allah idan wanda ka yi wa dariya ya fi ka tsayuwar dare?

Kuma ko ba Musulmi ba ne, Allah Ya ce Ya karrama 'yan Adam, bai ware ba.

Na san abin da wasu za su rubuto. Za su ce ai su ma suna yi mana. Gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A Afrilun 2020 an kori baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal a Guwanzu, 'yan kasuwarmu suka kwana a titi, har kakakin majalisar wakilan Najeriya ya kira jakadan China ya nuna masa bidiyon. Za su kuma tuna kisan da wani ɗan China ya yi wa wata baiwar Allah a Kano a 2022, Allah Ya jiƙanta. Zalunci ne, kuma kotu ta yi aikinta a kan wanda ya aikata. Sai dai Alƙur'ani ya rufe mana wannan ƙofar. A Ma'ida, aya ta 8, Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Ya kuma maimaita cewa babu mai ɗaukar zunubin wani. Mai ledar nan da aka bi a kasuwa bai kori kowa daga gida ba. Mu da muka san ɗacin a kira ka "aboki" da yatsina a kudu, ko "takari" a ƙasa mai tsarki, mu da ake tare mu a filin jirgi saboda sunanmu, mu ne ya kamata mu fi kowa ƙyamar wannan hali. Abu Zarr, sahabi guda, ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya. Bai ce masa wasa ne ba.

Iyaye, malaman Islamiyya, masu shaguna, yaran nan a wurinmu suke koya. Masu haɗa bidiyon barkwanci da ke maƙale murya su ja ido don a danna musu, da mu masu dannawa muna turawa, kowa zai ga littafinsa.

Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, a hanyar jifa zafi ya kayar da ni, na zauna a gefen hanya jiri yana ɗibata. Ayarin alhazan Indunusiya suna wucewa a jere, hannu riƙe da hannu. Wani tsoho ɗan ƙarami ya fito daga layinsu, ya tsuguna, ya buɗe gorarsa ya ba ni na sha, ya fesa mini sauran a fuska. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Ya nuna ƙirjina ya ce "Nijeriya?" Na gyaɗa kai. Ya nuna nasa ya ce "Indunisiya", ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Ya tsaya riƙe mini da lema har na iya miƙewa, sannan ya bi ayarinsu da sassarfa, don sun riga sun yi nisa.