Hoton 'yar wasa: a nuna ta tana aiki

A ranar 24 ga Yulin 2022, a birnin Eugene na Amurka, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12. Hoton da mutane da yawa suka riƙe shi ne wanda take hawaye ana rera taken Najeriya. Ya yi kyau, ba musu. Sai dai bai nuna shinge goman da ta ƙetare ba, kowanne tsayinsa ya kusa santimita 84, tazararsu mita 8.5, tana taku uku kacal tsakaninsu.

Laifin ya fi zama a teburin edita. Mai ɗaukar hoto kan turo hotuna rututu, sai a zaɓi na murmushi ko na kuka idan mace ce, na gumi da fafatawa idan namiji ne.

Hoton fafatawa kuwa yana da ƙa'ida. Ana sa kamara ta ɗauka cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka, in ba haka ba ƙafafu su yi dishi-dishi. A durƙusa a ɗauko daga ƙasa, don tsalle ya fito da tsayinsa. Ɗauka daga sama ƙanƙantar da mutum take yi. Sai yanka hoto, inda aka fi yin ɓarna: an cire ƙwallo da ƙafa don hoton ya shiga gurbi, an bar fuska da ƙirji. Wasa ya tafi kenan. Bayanin ƙasan hoto ma ya faɗi suna, matsayi da mintin da aka ci ƙwallo. "Kyakkyawa" da "matar wane" ba labarin wasa ba ne.

A gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta mata ta 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga wannan gasar da hijabi. Editan da ya san aiki zai zaɓi hotonta tana tare 'yar gaba, hijabin zai fito da kansa ba sai an yi masa shela ba. A Kano ko Maraɗi, uban da ke jinkirin barin 'yarsa ta shiga fili irin wannan hoton yake dubawa kafin ya yanke shawara.